Hannun Hagun Mang Dulkapi

"A tsaya!" in ji Gilang, matashin darakta, ya juyo wajen Bu Nining. "Bu, da wane hannu Mang Dulkapi yake ɗaga hula?"

Kowa a wannan lungu na kasuwar Bandung ya san amsar. Mang Dulkapi shi ne shashashan mai tallar taliya da romo, wanda Pak Endang ya fito a matsayinsa a finafinai tara, kuma duk sanda ya tafka ɓarna da hannun dama yake ɗaga hula ya rusuna. Yau sau uku yana ɗagawa da hagu. Har kwanon romo ya miƙa wa mai unguwan cikin fim ɗin da hagu, abin da ko a wasa ɗan mutunci ba ya yi.

Shekara talatin da ɗaya Bu Nining na riƙe da littafin da ake rubuta wace riga aka sa, wane gefen gashin baki ya karkace. Ba ta da sauƙi ko kaɗan. Ta taɓa sa a sake ɗaukar biki guda saboda ayaba ɗaya ta ɓace daga faranti.

Amma tun wajen karin kumallo ta ga cokali ya suɓuce wa tsohon, wato Pak Endang, ya yi wuf ya cusa damarsa a aljihu. Ga kuma wakilin kamfanin fim ɗin zaune da waya a hannu, wanda ya riga ya faɗa cewa in lafiyar tsohon ta gaza, akwai wani ɗan talabijin da ya iya kwaikwayon muryarsa.

Sai ta tuna fim ɗinta na farko. Da safe an ɗauki Dulkapi da baƙar akuya, bayan azahar aka kawo fara, ita kuwa ba ta lura ba. Daraktan lokacin ya ce ta tattara komatsanta. Pak Endang ya ce a kunna kyamara tukuna, ya dubi akuyar da tausayi ya ce, "Wuni ɗaya a gidan surukata, dubi yadda kika yi furfura!" Har yau direbobin bas na faɗar wannan magana, kuma da aikin nan ta aurar da 'ya'ya biyu.

"Da hannun da ya ga dama," ta amsa wa Gilang.

Gilang ya saki baki. "Bu, ke ce kuwa? Jiya fa kika hana ni cin abinci a kan maɓallin riga!"

"A fim na biyu wanzami ne. A na huɗu ya mutu, da mu aka binne shi. A na biyar ya dawo yana tuƙa keke, wa ya tambaya? Dariya mutane ke zuwa yi, ba jarrabawa ba."

"'Yan kallon yanzu ba sa raga wa kuskure," in ji wakilin.

"To a ba su abin yi. Mai unguwa ya ƙi karɓar kwanon, mu ji abin da Dulkapi zai ce."

Aka kunna kyamara. Mai unguwa ya harari hannun. Pak Endang ya ɗaga hula da hagu, ya marairaice. "A yi haƙuri, ranka ya daɗe, damata ta tafi aikin Hajji, ƙanwarta ta bar mini." Mai kyamara ya yi dariya har hoton ya girgiza, wakilin ma ya ajiye wayarsa.

Da aka tashi cin abinci, tsohon ya zauna kusa da Bu Nining. "Nining, kin gani ko?"

"Akuya na gani ta yi furfura, Pak. Amma gobe ba aiki, ni zan kai ka asibiti da kaina."

"Allah ya saka miki."

"Ai ka riga ni."

Ta buɗe littafinta ta rubuta "Hula: hannun hagu," sannan ta ja layi biyu a ƙarƙashi, yadda take yi wa duk abin da ba a yarda ya canza ba har ƙarshen fim.