Farin Furen Don Eustaquio

"Herminia, ajiye wannan ki zo ki gani."

Herminia ta ɗago daga kunyar da take cire wa ciyawa. Don Eustaquio ne, maƙwabcinta, tsaye a tsallaken ruwan da ya raba gonakinsu na fure a Xochimilco ta ƙasar Mexico, yana yafito ta da hula. Shekara biyu ke nan rabon da ya kira sunanta.

Faɗan a kan furen mirasol ne. Yana da wani fari tas da ya gada wurin mahaifinsa, ita kuma ta shuka ja a bakin ruwa. Ƙudan zuma suka yi ta kai-komo tsakanin gonakin, da ya shuka irin da ya tara sai duk suka fito ja. A tsakiyar kasuwa ya ce ta kashe masa irin gidansu. Ita kuma ta ce ya je ya kai ƙudan ƙara.

Ta hau katakon da ke kan ruwan ta tsallaka, bakinta cike da amsa. Sai ta tarar da shi yana dariya, har da haki. Ya nuna mata wata kunya mai tsayi. Jajaye ne birjik, amma nan da can ga farare, fari irin na da.

Ya ce 'ya'yan jajayen nan ya shuka bana, don haushi kawai, ya ga iyakar ɓarnar. Tun safe yake ƙirgawa: tamanin da uku ja, ashirin da shida fari, kusan ɗaya cikin huɗu. Ashe kowane ja yana ɗauke da farin a cikinsa, jan ne ya danne shi. Sai tsiro ya gaji farin ta wajen uwa da uba duka sannan ya bayyana.

"Bai mutu ba, maƙwabciya. Ɓuya ya yi."

"To, ni da aka ce na kashe fa?"

Ya ce ta bari ya zauna tukuna. Ya kife bokiti ya zauna, ya jingina da bishiya, ya ɗora hular a gwiwa.

Herminia ta juya masa baya, ta sunkuya tana duba furannin, ta shiga sauke abin da ta tara. Ta tuna masa maganar kasuwa. Ta tuna masa kunun masarar da ta aika lokacin da ya yi mura, aka dawo mata da shi ko buɗewa ba a yi ba. Ta ce in haƙuri zai ba ta, to ranar Lahadi ne bayan an fito coci, gaban mutane. Ta daɗe tana magana, tana jin daɗin shirun da ya yi.

"Ka ji ni kuwa, tsoho mai taurin kai?"

Ta waiwaya. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon kunyar. Hular ta faɗi ƙasa. Ta taɓa kafaɗarsa, sai ya sulale gefe a hankali, ta tare kansa da hannu biyu kafin ya kai ƙasa. Jikinsa da ɗumi. Ta kira sunansa, ta kara kunne a ƙirjinsa, ta sake kira. Abin da ke ta yi mata yawo a kai shi ne, a wace magana take lokacin da ya tafi?

Wasu masu jigilar latas da suka zo wucewa a kwalekwale su suka gan ta zaune cikin laka, da kansa a cinyarta. Suka tambaye ta me ya faru. Ta ce yanzun nan yake dariya. Suka sake tambaya, ta maimaita musu hakan.

Suka ture akwatunan latas gefe suka shimfiɗe shi, ɗaya ya cire rigarsa ya rufa masa fuska. Suka ce ta shigo, ta ce tana zuwa.

Bayan kwalekwalen ya sha kwana, sai ta lura robar ban-ruwansa na kwance a ƙarshen kunyar, ruwa na ta zuba. Ta bi ta har wurin famfon, ta rufe, ta tsaya da hannunta a kai.