Jar Tuta a Tsohon Gida

Furen na fara gani. Ruwan ɗorawa ne, an tsittsinke shi an zuba a kwarin kunya ta goma sha huɗu, ya miƙe tsakanin latas kamar an ja zare. Raɓa ba ta bushe ba tukuna. Na tsaya cak da tutocina a hammata.

Ni ne Herculano Tovar, mai duba sawu. Ku tambayi kowa daga nan har Celaya. Shekarata saba'in da shida, ban taɓa zama a aji ba, amma ƙasa ba ta ɓoye mini komai. Ina kan keke nake bambance sawun kare da na koyote, karen dajin nan namu. Bijimi ya taɓa soke ni, kwalara ta zo ta wuce, tarakta ta kife da ni a rami, ga ni nan ina tauna barkono kamar gyaɗa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙungiyarmu ta manoman latas ta ɗora wa kanta ƙa'idoji. Ba gwamnati ce ta tilasta mana ba. Mu gida talatin da biyu muka zauna a rumfa muka yarda, masu rubutu suka sa hannu, ni na dangwala yatsa. Ba a shiga gona da zobe, ba a shiga da abinci, dabba kuwa ko kaza ce. A wanke takalmi, a rufe gashi, a gwada ruwa. Kuma duk ranar yanka, kafin wuƙa ta taɓa ganye, sai na bi kunyoyin nan da ƙafata. In na ga sawu ko kashi, in kafa jar tuta in auna taku biyu ta kowane gefe. Abin da ke ciki ba ya zuwa bakin kowa.

Ran nan ɗaya ga Nuwamba ce, ranar da a al'adarmu yaran da suka mutu ke dawowa gida, a zuba musu fure a hanya don kada su ɓata. Na bi furen, amma tun kafin in kai na san inda zai tsaya. Nan tsohon gidana yake a da. Shekara shida da muka rushe shi muka koma bakin titi, aka haɗe filin da gonar ƙungiya. Masara ake shukawa a wurin, masara kuwa ba wanda ke duba mata sawu. Bana aka sa latas.

Daidai inda ƙofar ɗaki take na tarar da faranti mai shuɗin baki, na gidana. Ga ɗan kofi na kunun masara a kife, ga ɓarɓashin burodi. Kare ya zagaye wurin, ya tattaka kunya shida, ya bar kashi wuri uku, ɗaya a kan ganye.

Amparito jikata ce. Ubanta, ɗana, ya ƙetare iyakar ƙasa ya tafi Arewa neman aiki ya bar mana ita. A bayan wannan gida nake da ɗan lambu, ina ba shi ruwa daga kwatar da shanuna ke tsayawa a ciki. Wata Lahadi, shekara goma sha tara da suka wuce, muka ci latas ni da ita a faranti ɗaya. Daga hannuna take karɓa, tana cewa nawa ya fi daɗi. Ni ko gyatsa ban yi ba. Ita zawo da jini, kwana biyar, daga nan fitsari ya ɗauke, ba ta tashi ba. Wani likita ɗan saurayi ya ja ni gefe ya ce, "Baba, da wane ruwa kuke shayar da ganyenku?" Na ce masa cikina ƙusa ma yana narkarwa. Bai yi dariya ba. Tambayar nan ban taɓa maimaita ta ga matata Crisanta ba.

"Kompadre, aminina! Ko barci kake yi a tsaye?"

Fidencio ne, shugaban ƙungiya, yana tahowa da tumbinsa a gaba. "Motar sanyi ta iso, masu yanka sun wasa wuƙaƙe, kai kana nan kana ƙirga tsutsa." Sai ya ga farantin. Ya cire hula ya sosa kai.

"Na Doña Crisanta ne."

"Na san farantin gidana, Fidencio."

Ya waiga, ya rage murya. "Shebur ɗaya ya isa. Ka binne kashin, ka share furen da ƙafa, farantin ka sa a riga. Dokar nan fa mu muka yi wa kanmu, ba daga sama ta faɗo ba. In Injiniya Maribel ta rubuta a rahoton gona cewa mutum ya tsallake shinge da abinci, mai saye zai ce a tsaya da lodi, kuma sai an fitar da gidanka daga ƙungiya. Ko ka manta abin da ka ce ranar da akuyar Anselmo ta shiga?"

Ban manta ba. Ni na fi kowa ɗaga murya ran nan. Cewa na yi wanda ba zai iya ɗaure akuyarsa ba ya je ya noma sarƙaƙiya.

"Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa kama ka da kuskure ba," in ji shi. "A kan kashin kare za ka zubar da sunanka?"

Sai na hango Crisanta a bakin shinge da mayafinta baƙi. Ta zo ɗaukar farantinta. Na taka na same ta, wayar shinge a tsakaninmu.

"Tsohuwa, me kika yi mini?"

"Kai na yi wa? Jiya da yamma na zo, bayan kun tashi, kamar kowace shekara. Ina ruwanka?"

"Ga teburi kin shirya wa Amparito a gida, da kyandir da hotonta."

"Ta san sabon gidan ne? Shekararta huɗu fa, tsoho. So kake ta yi ta yawo a bakin titi, motoci na wucewa?" Ta leƙa bayana. "Ta ci?"

"Kare ne ya ci."

"To wa kake tsammani ya rako ta? Kai da ka san komai."

Na koma wurin farantin na durƙusa, gwiwata na ƙara. Na sake bin sawun karen a hankali, yadda na saba. Babban kare ne, ba ya sauri, kuma duk taku biyar ko shida sai ya tsaya, kamar mai jiran wani. A gefen sawunsa, inda ƙasa ta fi laushi, akwai wani ɗan lotsawa. Diddige da yatsu. Bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Na daɗe ina kallonsa. Na dubi ganyen da kashi ya taɓa, kore shar, irin wanda yaro zai miƙo hannu ya karɓa.

Na zaro tuta ta farko na kafa.

"Herculano!" in ji Fidencio. "Kai fa jaki ne."

"Jakin da ya girme ka. Matsa, kana taka mini awo."

Na bi kunya shida ina aunawa ina kafawa, na ƙara da ta goma sha huɗu tun daga shinge, duk inda ƙafar Crisanta ta bi. Da na ɗago kai, sai na ga jajayen tutocin sun zana tsohon gidan kusan yadda yake, har da hanyar shiga.

Injiniya Maribel ta iso da takardarta, gashinta a cikin raga. Yarinya ce mai hankali, ni na koya mata sawun ɓera.

"Don Herculano, me zan rubuta?"

"Kare, babba. Kashi wuri uku. Sai abinci da aka shigo da shi ta shinge."

"Wa ya shigo da shi?"

"Matar mai duba sawu."

Alƙalaminta ya tsaya. "Kun san sai na kai wannan gaban taro?"

"Ni na dangwala yatsa, 'yata. Rubuta."

Ta rubuta. Ta zagaya tana ƙirga tutoci, har ta zo kan ta ƙarshe, wadda na kafa ita kaɗai kusa da farantin. Ta sunkuya ta duba, ta sake dubawa.

"Wannan fa? Ban ga komai a nan ba. Sawun mene ne?"

Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yi mini wannan tambaya na rasa amsa ba.

"Ban sani ba," na ce. "Bar ta dai a wurin."

Masu yanka suka fara daga ɗaya gefen, suna ratse wa tutocin. Crisanta tana bakin shinge ba ta tafi ba. Da na miƙa mata farantin ta saman waya, ba ni take kallo ba.

"Ka kyauta da ka sa ja," ta ce. "Tana son ja."