Kabad ɗin Baba Frosya

Timofei ya zare ƙusa ta ƙarshe, ƙofar kabad ɗin ta faɗo masa a kafaɗa. Tsohuwar da ake kira Baba Frosya na kwance a gado tana kallonsa, bargo har haɓa.

"A hankali, Timosha. Katakon nan ya girme ka."

Shi direban bas ne, ba kafinta ba. Ƙofarsa ce dai ke kallon tata a hawa na uku, kuma shi kaɗai ke da zarto a benen.

Tun tana budurwa a masaƙar garin Kineshma take kai 'yan rubul ɗinta bankin ajiya, don kada ranar mutuwarta ta zame wa kowa nauyi. Ba ɗa, ba jika. Bayan yaƙi aka sauya kuɗi, ta haƙura. A shekarar sittin da ɗaya aka sake, aka yanke sifiri, ta haƙura. Amma a hunturun casa'in da biyu ba wanda ya taɓa mata ko takarda ɗaya. Farashi ne kawai ya tashi ya bar ta. Da ciwo ya kwantar da ita, ta aiki Timofei wurin masu akwatin gawa. Suka ce abin da ta tara ko murfi ba zai saya ba, sai dai na haya: a kai ta maƙabarta, a sauke, a dawo da shi.

Ya so ya ɓoye mata, amma fuskarsa ta tona shi.

"Ni ba zan shiga inda wani ya fito ba," in ji ta. "Ga kabad can. Zo ka auna ni."

Da igiyar shanya ya auna ta.

Kullum in ya taso aiki sai ya durƙusa a ɗakinta yana yanka. Matarsa Zinaida ta ce wannan rashin imani ne, mace da ranta tana jin ana buga mata ƙusa. Ya tambayi tsohuwar ko ya sauka da aikin ƙasa. Ta ce ya ci gaba a nan, ƙarar na ɗebe mata kewa. Da katakon ya gaza wajen ƙafa, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Sai in lanƙwashe gwiwa," in ji ta. "Wa zai leƙa?"

Ya je kicin ɗinsa ya ciro kantar da suke jera kofuna, ya cike gurbin.

Ran Alhamis da safe Zinaida ta kai mata kunu, ta tarar ta cika. Aka kira Timofei daga tasha. Ya tsaya a bakin gado yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa, bai motsa ba. Abin da ke ransa kawai, ko akwatin zai juya a kwanar matakala.

Akwatin ya juya, da ƙyar. Ajiyarta kuwa burodi ta saya da kwalbar giya guda, aka raba wa waɗanda suka haƙa ƙasar da sanyi ya daskarar.

Da yamma ya koma ɗaukar zartonsa. Rigunanta na jibge a kan kujeru, garin katako ko'ina. A jikin bango, inda kabad ɗin ya tsaya shekara da shekaru, furannin takardar bangon na nan shuɗaye shar, sauran ɗakin duk ya koɗe. Ya zauna a bakin gadon, zarton a cinyarsa.