Jar Mota Daga Jega

Injinan wasan tseren mota biyu ne, manne da juna kamar tagwaye, kowanne da allonsa da kujerarsa da sitiyari da totur da birki. Malam Yari ya sayo su a Sakkwato daga wani gidan wasa da ya rufe, shekarar da ya daina jan bas tsakanin Jega da Maiyama. Ya kafa su a shagonsa na Sabon Gari, a Jega. Bayan la'asar yakan zauna a kujerar dama, ya yi tsere da duk wanda ya hau ta hagu: 'ya'yansa, 'yan kabu-kabu, har mahauta masu dawowa daga kasuwa.

Ban da Abdussalam. Shi ne ɗan fari. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ba ƙiyayya ba. Amma duk ranar da Abdussalam ya zauna a kujerar hagu, sai Malam Yari ya tuna bai yi alwala ba, ya tashi.

Abdussalam ya girma, ya koma Aliero yana gyaran waya. Ƙafafun uban suka fara kumbura, ido ɗaya ya yi yana. Injinan suka zama wurin jibge buhuna. Abdussalam kuwa abu ɗaya yake so kafin lokaci ya ƙure: tsere ɗaya da babansa.

Ya ɗora injin hagu a bayan motar albasa mai komawa Aliero ba kaya. Har yau kujerar tana warin albasa. A da, wata igiya mai kauri ce ke haɗa injinan. Da aka raba su, kowanne in an kunna sai allonsa ya tsaya shuɗi, yana jiran ɗan'uwansa. Abdussalam ya bi bayanin wasu masu irin wannan haɗi a intanet, ya harhaɗa ƙananan akwatuna biyu, ɗaya Aliero, ɗaya Jega. Akwatin zai karɓi saƙon injin ya tura ta intanet, injin kuwa ya zaci ɗan'uwansa na gefensa.

Ranar gwaji ya kira ƙanwarsa Balkisu, wadda ke ɗinki a gefen shagon uban.

"Yaya, ya ce shi ya tsuhwa da wasan yara."

"Ki ce mai wani na a Aliero shika cika baki, wai babu direba a Jega."

"Ƙarya zan yi ma Baba?"

"Ina Aliero. Kuma ga shi na cika bakin."

Ta yi dariya, ta ajiye wayar ba ta kashe ba. Ya ji ana janye buhuna. Ya ji muryar uban daga nesa yana tambayar ko wane ne, Balkisu ta ce wani mai gyaran waya. Sannan tsohuwar kujerar ta yi ƙara.

Shuɗin allon ya buɗe. Ga titi sumul, ba rami, ba awaki, ba shinge. Teku a hagu, itatuwan kwakwa a dama, rana tsaye a wuri ɗaya ba ta faɗuwa. Abdussalam bai taɓa ganin teku ba sai a nan. A gefen farar motarsa wata jar mota ta bayyana, tana ɗan rawa kamar hoto cikin ruwa.

Suka tashi. Sadarwar ba ta da ƙarfi. Jar motar takan ɓace, ta sake ɓullowa can gaba, kamar mutum a mafarki. Ya bi ta ƙarƙashin dutse, ya bi ta kan gada. Ya ga kwana a bakin teku, ya ƙi ɗaga ƙafa. Farar motar ta daki katanga, ta juya, ta fuskanci ruwa. Kafin ya daidaita ta, jar motar ta tafi.

Ya ci gaba a hankali. Ko ba komai, an yi.

Yana shan kwanar ya tarar da jar motar tsaye a tsakiyar titi, sauran motocin injin suna wuce ta. Ya duba akwatin, ko sadarwa ce ta yanke. Fitilar kore ce.

Wayar ta yi magana.

"Balki, ki ce ma wancan ana rage wuta tun kahin kwana, ba cikinta ba. Wa ya koya mai tuƙi?"

"Babu wanda ya koya mai, Baba."

Abdussalam ya matso da wayar kusa da kunnensa. A waje wani yana ta kirga buhunan albasa da ƙarfi, muryar tamkar daga wani gari.

"To," in ji Malam Yari. "Shi biyo bayana."

Jar motar ta motsa, ba gudu. A kowace kwana fitilun bayanta sukan kama tun da nisa, shi ma ya taka birki a daidai wurin. Lokacin tseren ya ƙare ba su kai ƙarshe ba. Motocin biyu suka gangara suka tsaya a bakin teku, ɗaya bayan ɗaya.

Abdussalam ya saurari ƙarar kujera, ta mai tashi zuwa alwala. Bai ji ba.

"Yaya," in ji Balkisu, "ya ce wai ka sake."