Fitilar Ɗakin Inna

Tun ranar da aka sa masa mita mai kati, maigidan bai sake duban silin da idon rahama ba. Dogayen fitilun nan na da ne a gidan, waɗanda sai sun yi ta ƙifce-ƙifce kafin su kama, idan sun kama kuma su dinga ƙugi kamar ƙuda a kwalba. Da ma Sarkin Tsimi ƙannensa suke ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba.

Ya kira mai gyaran wuta. Mutumin ya hau tsani, ya buɗe fitila ɗaya, ya ce ba sai an sauya gidajensu ba, ƙarfen lafiya lau yake. Abin da ke shan wuta cok ne, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke ciki, shi ne ma mai ƙugin. A cire shi, a cire sitata, ɗan abin da ke tayar da fitilar, a haɗa waya kai tsaye, a sa dogon ƙwan LED, shi ke nan. Maganar ta shiga maigidan, musamman inda aka ce ba sai an sayi sababbin gidajen fitila ba. Daga ranar ba shi da hira sai ta tsimin wuta, a falo, a wajen cin abinci, har a bakin ƙofar Inna.

Inna mahaifiyarsa ce, kuma idanunta sun daɗe da rufewa. Duk da haka kullum da magariba idan ya leƙa gaishe ta sai ya danna makunni. Tun tana gani ya saba, hannunsa ne kawai ke yi, bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba.

A yini ɗaya aka gama aikin. An fito da Inna baranda, aka ce mata gyaran wuta ake yi. Haske ya fito fari tas, ba ƙifce, ba ƙugi. Matarsa ta ce fitilun sun tona mata asiri, yanzu ana ganin duk yanar da ke kusurwar kicin.

Sai Inna ta fara sauyawa. Gaisuwa ta koma "lafiya" kawai, abinci yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Maigidan ya ɗauka jiki ne, ya sayo magani, ta karɓa ta yi godiya ta tura ƙarƙashin filo. Matarsa ce ta gano bakin zaren ranar da take yanke mata farce. Ta same shi a falo ta gaya masa: Inna ta ɗauka an daina kunna mata fitila.

Ya tafi ɗakin, ya durƙusa a gefen gadon, ya rantse mata fitilar a kunne take.

"Ai ban ce komai ba, ɗan nan," in ji ta. "Me makauniya za ta yi da fitila? Da gaskiyarka, wuta ta yi tsada."

Ya kama hannunta ya kai kan makunni, suka danna tare. Ta ce ƙwarai ta ji ƙas, amma makunni yana yin ƙas ko da babu ƙwai a sama. Ya taka kujera ya kwanto ƙwan ya ɗora mata a tafin hannu don ta ji zafinsa. Ko ɗumin kirki babu. Ta shafa shi daga wannan kai zuwa wancan, ta miƙa masa, ta juya fuskarta bango.

Abin ya yi masa ciwo, kunya kuma ta kama shi. Ashe duk shekarun nan ƙugin da ke damun kowa shi ne ke gaya mata ba a bar ta cikin duhu ba.

Da safe ya nemi mai gyaran wuta, ya tarar tsofaffin kayan sun riga sun tafi hannun mai sayen ƙarafa. Ya shiga kasuwa rumfa-rumfa yana tambayar cok da sitata da ƙwai irin na da, 'yan kasuwa suna yi masa kallon wanda ya yi dogon barci. A wata rumfa ta can ƙarshe ya samu, duk ƙura. Mai gyaran ya hau tsani yana mita, wai kowa cirewa yake yi, shi kaɗai ne mai mayarwa.

Da magariba maigidan ya leƙa, ya yi sallama, ya danna. Fitilar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, sannan ta kama ƙugi. Inna ta karkata kai tana saurare. Can ta tambaya ko akwai sauran abincin rana.

"Idan za ka fita ka kashe ta," ta ce, "kada a yi asara."

Ya ce to, Inna. Ya fita ya ja mata ƙofa, fitilar tana ta ƙuginta.