Golan da Baba Ya Goge

Ni ne mai kula da zauren masu tara katin 'yan ƙwallo a waya, kuma wallahi aikin ya fi aski wahala. A shago kai ɗaya nake riƙewa, shi ma a zaune yake shiru. Can kuwa kowa da bakinsa.

Maƙwabcin shagona Baba mai guga ne. Ga son kati kamar me, a gwangwanin alawa yake ajiye nasa, amma ga kunya. Sai da na yi ta lallashi kafin ya yarda na saka shi a zauren. Ya shiga ya yi gum, karatu kawai yake.

Rannan ina cikin yi wa wani gyaran fuska, waya ta dame ni da ƙara. Ina dubawa, ashe Baba ne ya yi magana a karon farko. Ya ɗora hoton katin wani gola, ya rubuta: "'Yan uwa, lanƙwashewa ya yi, na ɗan bi shi da dutsen guga. Ko akwai gyara?"

Kai, jama'a! Ledar saman katin ta narke, hancin golan ya gangaro har haɓa. Zaure ya cika da dariya. Bakanike, sarkin surutunmu, ya rubuta: "Baba, saura sitaci!"

Na leƙa shagonsa. Yana tsaye ya ƙura wa waya ido, rigar mutane a kan tebur ko taɓa ta bai yi ba.

Ya ce, "Ɗana, nuna min inda ake fita daga abin nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baba, ɗan dakata min." Na bar mai gyaran fuska da kumfa a gemu, na rubuta: "Duk wanda ya yi dariya ya ɗora hoton katin da ya taɓa lalatawa da hannunsa. Wanda ya ƙi, ni zan raka shi ƙofa. Bakanike, da kai za a fara."

Mai kumfa yana ta tsaki, ni ko a jikina.

Can sai ga hoto daga Bakanike: ɗan wasan gaba, fuska fara fat. "Baƙin mai ne ya taɓa shi, na goge da fetur." Wata nas ta ɗora nata da aka wanke a aljihu, ya koma kamar ɓawon burodi. Wani malamin makaranta ya naɗe nasa da salatif har suna ba ya karantuwa. Ashe duk 'yan iya-yin nan kowa da ta'asarsa!

Nas ɗin ta yi wa Baba bayani: a sa kati tsakanin farar takarda, a danne da littafi mai nauyi, a yi haƙuri. Bakanike ya ƙara da cewa, "Baba, a yafe min. Golan nan biyu gare ni, ɗaya naka ne, amma ka rantse ba zai ga wuta ba."

Ta bango na jiyo Baba yana dariya har da tari. Daɗi ya kama ni. Bai sake yi min zancen fita ba.

Kwanan baya wani sabon shiga ya tambaya a ɗarare yadda ake miƙar da katin da ya lanƙwashe. Kafin in taɓa waya, har an ba shi amsa. Hoton narkakken golan ne, a ƙarƙashinsa Baba ya rubuta: "Barka da zuwa, ɗana. Tambayarka ta yi kyau. Duk abin da za ka yi, ban da wannan."