Finjalin da Gado Ya Ajiye

Gado mutumin Gumel ne, kuma kafin ya zo Doha ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda ake fasawa a zuba a zoɓo. Sai ga shi Allah ya ɗora abincinsa a kanta. A wani katafaren kanti akwai filin ƙanƙara inda masu hali ke zamiya da takalma masu kaifi. Aikinsa ya hau wata mota mai kama da akwati, ya kankare zanen da suka bari, ya shimfiɗa ruwan zafi, filin ya koma sumul. Shekara biyar yana wannan, har abin ya shige masa rai. In ka ce masa ai ƙanƙara ƙanƙara ce, kun ɓata ke nan.

Marko, Ba'italiyen da ya koya masa aikin, da zai koma garinsu Turin ya yi masa alkawarin gayyata in gasar duniya ta wasannin ƙanƙara ta zo can a 2006. Ya kuwa cika. Ya aiko da takardar gayyata da tikitin kallon tseren ranar Asabar. Biza ta fito, jirgi kuma safiyar Juma'a ne. Abu ɗaya ya rage, izinin fita daga ƙasar, wanda sai kafil, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya sa hannu.

Mako biyu mai kai-komon takardun kamfanin yana ce masa bukra, wato gobe. Ran Laraba dai ya fito masa fili: ɗan maigida ya ce wanda ya shiga Turai ba ya dawowa, sai fa in tsohon da kansa ya yarda.

Gasar ta riga ta fara. Gado ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗaure jaka ya kwance ta fi sau goma. Rigar sanyin da ya saya kuwa a ɗaki yake sa ta, yana zufa, abokan kwana na yi masa dariya. In ya tsaya gaban talabijin, daidai lokacin da za a gyara fili sai a sako talla, ya yi tsaki ya bar wurin.

Ran Alhamis ya tashi da azumi, kamar yadda mahaifiyarsa ke yi in al'amari ya cije. Ya nufi unguwar Mu'aither wurin Baba Aruna, dattijon Kumasi da ya shekara ashirin yana tuƙa tsohon, Abu Nasir.

"Zan shigar da kai majalisarsa, amma ji nan," in ji Baba Aruna. "Ƙarshen layi za ka zauna. Kada ka buɗe baki sai an tambaye ka. In ya dube ka, to. In bai duba ba, khalas, shi ke nan."

"Baba, ƙarfe ɗaya ake rufe ofishin takardu fa."

"Ni na sa agogon? Yalla, cire takalmi."

Dattawa kusan goma ne a ciki, hirarsu ba ta wuce raƙuman tsere ba. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta gota, Abu Nasir ko inda yake bai kalla ba. Ƙafar Gado sai rawa take a kan kilishi, Baba Aruna na danne masa gwiwa. Ji yake kamar ya miƙe ya yi ihu.

Can mai zuba gahawa ya iso kansa ya miƙo ɗan finjali. Gado ba mai tallan ibada ba ne, kuma a garinsu ba a mayar da hannun mai bayarwa. Karɓa ake yi a gode, a ajiye gefe, kowa ya fahimta. Haka ya yi. Ya karɓa da dama, ya ajiye a gabansa.

Majalisa ta yi tsit. Mai labarin raƙumi ya tsaya da hannu a sama. Abu Nasir ya gyara zama, ya kafe shi da ido, ya yi magana a hankali.

"Wayyo, ka kashe ni," Baba Aruna ya raɗa masa. "A nan in baƙo ya ajiye finjali bai sha ba, babbar bukata ya zo da ita, irin ta neman aure ko sulhun jini. Ya ce ka faɗi taka."

Gado ya faɗa dai, Baba Aruna na fassarawa: izinin fita, kwana huɗu, kallon wasan ƙanƙara. Wani dattijo ya toshe baki da gefen rawani.

"Ya ce ɗan'uwanka ne ke wasan?"

"A'a."

"Ƙasarku na ciki?"

"Ranka ya daɗe, mu ko sanyin kirki ba mu da shi."

"To me za ka je kallo?"

"Masu gyaran filin," in ji Gado. "Shekara biyar ina wannan aiki, ban da wanda ya koya mini ban taɓa ganin wani yana yi ba. So nake in ga na duniya, in san ko daidai nake yi."

Tsohon ya ja carbinsa. Sannan ya nuna finjalin da haɓa ya faɗi kalma biyu.

"Ya ce sha gahawarka, an ba ka."

"Baba," Gado ya ce ƙasa-ƙasa, "azumi nake fa. Shi ya sa na ajiye."

"Azumin me? Ba wannan ka roƙa ba? In ka ƙi sha, ka ce maganarsa ba ta isa ba ke nan a gaban mutanensa. Sha, ka rama a can."

Gado ya yi bisimilla ya kurɓe. Ta huce, ga ɗaci. Saura minti takwas a rufe ofis suka isa, Baba Aruna na tuƙi yana zaginsa yana dariya.

Ran Asabar a Turin, da aka tafi hutu, dubban mutane suka miƙe neman abin sha, har da Marko. Gado bai motsa ba. Motocin gyara suka shigo a jere. Ya ƙura wa direban farko ido. Da mutumin ya zo kwana sai ya sassauta, ya rage ruwa da hannun hagu, bai ko kalli hannun ba, kamar dai yadda Gado ke yi kullum ba wanda ya taɓa lura.

"Ashe daidai nake yi," ya ce da Hausa, hawaye na sanyaya masa kunci.

Ya miƙe shi kaɗai a layinsu yana tafi. Direban ya waiga, ya ɗaga masa hannu, ya ci gaba da aikinsa.